Tsohuwar da ta fake ruwa a shagonmu

Jiya da la'asar ana tafka ruwa, wata tsohuwa ta shigo fakewa a shagonmu na Titin Koudoukou. Ta tarar ina yi wa ma'aikatana biyu faɗa. Tun da Baba ya rasu na karɓi shagon ba ma jituwa, har ɗayansu, Ibrahim, ya fara zancen barin aiki.

Da suka shiga sito, sai ta ce, "'Yata, murya ɗaya kike yi musu. Ibrahim yabo yake so a gaban mutane. Malam Adamu kuwa shi ya goya ki. Kada ki ba shi umarni, ki nemi shawararsa, kuma da yaren Sango za ki yi masa magana."

Na ce, "Inna, ina kika san su?"

"Mahaifinki ne ya ce in gaya miki, Uwani."

Baba kaɗai ke kirana Uwani. Kafin in zubo mata shayi babu ita, ga bencin da ta zauna a kai a bushe.

Yau na gwada. Malam Adamu ya daɗe yana kallona, ya ce haka Alhaji, wato Baba, yake yi masa magana.

Har yanzu na kasa tambayarsu ko sun gan ta. Da ku ne, za ku tambaya?