Takalmin Dama Na Direba

A bakin titin da ke gangarawa tashar mota akwai wani mai gyaran takalma da ake kira Duba-Ƙasa, don ko gaisawa kuke, ƙafarka yake kallo. Shekara ashirin da wani abu yana kan benci guda, akwatinsa cike da ƙananan ƙusoshi, basilla, zare, da gwangwanin gam mai warin da zai sa ka ga mutum bibbiyu. Sunansa ma sai ya ciji leɓe yake iya rubutawa. Amma miƙa masa takalmi ya kifa, yanzu zai gaya maka ko kai mai gaggawa ne, ko malalaci, ko mai gwame.

Mijin ƙanwarsa direba ne, yana jan doguwar motar wani kamfani mai ɗaukar ma'aikata. Wata safiya ya zo ya jefa masa takalma a cinya.

"Yaya, gam ɗinka na bana ruwa ne. Zuwana uku ke nan a wata biyu."

Duba-Ƙasa ya kifa su. Na hagu lafiya lau. Na dama kuwa bakinsa ya cinye har ya huje.

"Tashi ka je wajen falwayar can ka dawo."

"Ni ɗan fareti ne?"

"Je ka dai."

Direba ya tafi yana mita. Duk taku sai yatsun dama su share ƙasa, ƙarr, ƙarr, kamar mai goge laifi.

"Tun yaushe ƙafar nan take maka nauyi?"

"Gajiya ce kawai."

"Yatsun suna jin ƙasa?"

Direba ya sosa ƙeya. "Wani lokaci kamar na sa safa biyu."

"Kuma da ita kake taka birki, da mutum arba'in a bayanka?"

Nan fa wasa ya ƙare. Direba ya durƙusa kusa da bencin, ya rage murya. "Yaya, ka rufa mini asiri. In kamfani ya ji, makulli za su karɓe. 'Ya'yan ƙanwarka huɗu ne fa."

Duba-Ƙasa ya san haka, shi ya yi wa ƙaramar cikinsu takalmin makaranta. Sai ya jefa takalman cikin akwati, ya rufe, ya hau kai ya zauna.

"Takalmi ba shi da laifi, ba zan gyara ba. Ga silifa, mu je asibiti. In ka ƙi, ni da ƙafata zan je kamfanin."

Mutumin da ko zazzaɓi ba ya ɗaga shi daga benci, ranar ya bar aiki da hantsi. Likita ya ƙwanƙwasa gwiwar direba da 'yar guduma wadda Duba-Ƙasa ya ce ko ƙusa ba za ta kafa ba. Aka ɗauki hoton baya. Ashe wani abu ne ya danne jijiya a ƙashin bayan. Likita ya ce da an ƙara 'yan watanni, da wuya ƙafar ta dawo, sannan ya tambayi wa ya fara lura.

"Wannan mugun," in ji direba.

Aka yi masa aiki a bayan. Kamfani kuwa ya karɓe makulli, kamar yadda direba ya ji tsoro, aka mai da shi gadin ƙofa. Ƙanwar ta yi sati biyu ba ta gaishe da yayanta ba. Shi kuwa Duba-Ƙasa ya ci gaba da ɗinkinsa.

Wata na biyar likita ya sa hannu, aka gwada direba a fili, ya taka birki har mai gwajin ya kusa sumbatar gilashi. Da yamma ya biyo da motar, ya tsaya daidai bencin, ya leƙo yana kaɗa makulli.

"Yaya, hau in kai ka gida."

"Ni? Bari sai ka yi sati ba ka buge kowa ba."

Yana faɗa yana tura akwatinsa cikin motar.