Rabona na Lakar Tafki

Shekarun baya, lokacin ban daɗe da shiga ajin yaƙi da jahilci ba, wani abu ya sami lambuna wanda har yau in na tuna sai in ja tsaki ni kaɗai. Yanzu da hannuna ya ɗan faɗa da rubutu, bari in ba ku labarin da kaina.

Ƙauyenmu yana tsakanin Ƙanƙara da Faskari, kuma muna da babban tafki a gabas da gari, wanda wani rafi ke zuba a cikinsa da damina. A nan dabbobi ke sha, mu ma muna sha in rijiyoyi suka ja. Duk rani in ruwa ya yi baya, sai a kira gayya a yashe bakin tafkin. Lakar da ake fitowa da ita baƙa ce wuluk, kuma ta fi kashin shanu gyara gona. Kowane gida yana da rabonsa. Wanda lalura ta hana shi zuwa, 'yan'uwansa ne za su ɗora wa jakuna mangala su kai masa har gona. Abin kunya ne a ce an yi yasa an bar wani gida hannu banza.

Lambuna yana kusa da tafkin. Gadon mahaifina ne, ba shi da girma, amma da albasarsa da latas da alayyafo nake riƙe gidana tun daga kaka har faɗuwar ruwa.

A ranin da nake faɗa, wasu baƙi suka zo daga birni da wani kwale-kwale na roba da ake hura wa iska. Shugabarsu mace ce, mu dai Malama muke ce mata. Ta ce tana son wanda ya san zurfin tafkin ya shiga da su. Abokina, wanda tun ranar da ya gan ni da fensir ya daina kirana da sunana, ya tura ni gaba.

"Ga Farfesa nan, Malama. Har 'ba' ya sani, saura kaɗan ya kai 'ca'."

Aka yi dariya, ni ma na yi, na shiga.

Aikinsu ya ba ni sha'awa. Wani dogon bututu suke cusawa cikin ƙasan ruwa, su zaro shi da laka a ciki, hawa-hawa kamar gaɓoɓin rake. Kowane hawa da launinsa. In ta bushe sai su ɗora mata wata 'yar na'ura ta hannu, nan take ta nuna abin da ke ciki. Malama ta ce da can sai an kwashi laka an kai wani gari an yi ta jira, yanzu kuwa a bakin ruwa ake fara gani.

Abin da suka gani bai yi daɗi ba. Shekarun da masu neman zinare suka yi suna wanke dakakken dutse a rafin nan, gubar dalma ta biyo ruwa ta kwanta a gefen da rafin ke shigowa. Daga baya sabuwar laka ta zo ta rufe ta. Malama ta yi bayani a ƙofar mai unguwa bayan la'asar. Ta ce muddin lakar tana kwance, ruwan da ke samanta da sauƙi. In aka tona ta, gubar za ta tashi ta shiga ruwa, in kuma aka zuba a gona ta bi ganye da ƙura ta shiga cikin yara. Suka kafa turaku masu jan fenti a wannan gefen, suka ce kada a taɓa, za su dawo su danne wurin da yumɓu mai tsabta da yashi. Yasa kuwa, a yi ta a gefen yamma kawai. Da za ta tafi ta ce mini, "Malam, kai ka gani da idonka. Ka riƙa tuna musu."

Ƙurar motarsu ba ta kwanta ba wani dattijo ya gyara zama.

"To ni dai ban gane ba. In akuya ta hwaɗa rijiya ta mutu, mi ake yi?"

Jama'a suka ce, "Yashewa."

"An taɓa cewa a rufe mushe da yashi a ci gaba da shan ruwa?"

Na ce, "Baba, wannan ba kamar mushe ba ne. Mushe ɗauke shi ake gaba ɗaya. Wannan kuwa kamar garin barkono ne a ƙasan ƙwarya, in ka motsa ne yake gauraye ruwan."

Yayana, wanda shi ke jagorantar gayya a unguwarmu, ya dube ni. "Kai ƙane, jiya-jiya ka fara riƙe fensir. Tafkin ga kuwa tun kakanmu ake yashe shi, ba mu ga wanda ya mutu ba."

Ni mutum ne mai haƙuri, kowa ya shaide ni da wannan. Na bi su ɗaya-ɗaya. Na faɗa a ƙofar masallaci, na faɗa a wurin mai shayi, na faɗa a gidan suna har aka ce in bari a ci tuwo. Na zana bututun a ƙasa da tsinke, hawa-hawa, ina nuna inda gubar take. Abokina ya ce zanen ya fi kama da tsani, wai ko sama zan hau. A ƙarshe dai kowa ya ce, "To, mun ji." Ni kuma da wautata na ɗauka an gama magana, kamar ba a garin aka haife ni ba.

Ana cikin haka aka ce a kai mahaifiyata Funtuwa aikin ido. Ni na raka ta, muka yi 'yan kwanaki. Da muka dawo, tun daga kan hanya na hango tafkin ya zama ja-ja kamar ramin kwaɓin ƙasa. Jajayen turakun nan babu ko ɗaya a cikin ruwa. Na same su a bakin gaɓa, an ɗaure jakuna a jikinsu.

Ko gida ban shiga ba na nufi lambu. Na tarar da yayana tsaye da fartanya, gumi ya jiƙe masa riga, fuskarsa cike da murna. Fangalin albasa, na latas, na alayyafo, duk sun yi baƙi. Ya baza lakar, ya juya ta da ƙasa, har ya ba da ruwa.

"Sannu da hanya. Ya jikin Inna? Ka ga, naka na fara kaiwa kafin nawa. Daga wurin jan turken nan na sa aka ɗebo maka, can ta fi baƙi."

Jama'a, na buɗe baki da niyyar faɗin maganar da ban taɓa faɗa wa babba ba. Abin da ya fito shi ne, "Allah ya saka da alheri, Yaya." Bakina ya saba, ya riga ni. Sai da na zauna a kan kunyar fangali na dafe kai sannan na ce, "Yaya, me na yi ta faɗa a garin nan?"

"Ka ce akwai guba cikin ruwa. To mun fitar da ita."

"Kun fitar da ita kun kai ina?"

Ya dubi fangalin, ya dube ni. "Ai rana za ta kashe ta."

Na sa aka kira mini Malama a waya. Da ta zo ta ga tafkin, sai ta yi salati. Ta hana shan ruwan har sai ya kwanta an sake aunawa, aka koma ɗebowa daga famfon tuƙa-tuƙa na ƙauyen da ke kusa, mata suna ta mita. Sannan ta bi gonaki da na'urarta. A nan ne takaicina ya cika. Duk sauran mutane, har yayana, gonakinsu na damina aka kai wa, lakarsu tana nan tsibi-tsibi a gefe tana jiran shuka, kwashewa kawai za a yi. A duk garin, wuri ɗaya ne aka baza ta aka juya aka ba da ruwa: lambun mutumin da ya yi ta wa'azi.

Ta ɗora na'urar a fangalin latas, ta duba, ta ce, "Malam, ka yi haƙuri. Wannan ganyen ba na ci ba ne, kuma ba na sayarwa ba ne."

Albasar ta fara ƙwai a lokacin. Da hannuna na tuge ta.

Aka sake kiran gayya, da makaɗin nan dai da ya yi kiɗan ta farko. Aka haƙa rami mai zurfi nesa da ruwa, aka shafe shi da yumɓu, aka kwashe tsibin kowa aka zuba, aka kankare saman lambuna aka haɗa da ganyena aka rufe. Mutanen Malama kuma suka shimfiɗa yumɓu da yashi a gefen da aka tone. Abokina yana tura baro yana cewa, "Farfesa, ka ga amfanin ilimi. Kai kaɗai aka yi wa gayya biyu a shekara ɗaya." Ni dai na ci gaba da ɗibar ƙasa ina zubawa a ramin.

Ko bayan kankarewar, Malama ta ce ruwan da aka bayar ya shigar da abin ƙasa, kada in sake shuka abin ci a nan sai an auna an ga ya sauka. Ta ba ni shawarar itacen turare. Shi ke tsaye a wurin har yau. Wannan ranin da hatsin rumbu kaɗai muka ƙarasa, miya kuwa sai kuka.

Abin da na koya, in ma koyo ne, shi ne mutanenmu ba taurin kai kawai gare su ba. Hankalinsu suka bi: abu mai guba ba a barinsa cikin ruwan sha, ɗan'uwa kuma ba a barinsa babu rabo. Duk biyun gaskiya ne, su ne kuma suka haɗu suka cinye mini lambu. Shi ya sa haushin ya ƙi fita, don na rasa wanda zan sauke shi a kansa. Yanzu dai kafin a kira gayyar yasa sai an tambaya wane gefe aka auna.

Yayana bai taɓa cewa ya yi kuskure ba. Amma da rani ya zagayo, ya zo ya same ni ina ba 'yan itatuwana ruwa, ya ce rabin lambunsa na fadama ya yi masa yawa, bayansa ba ya ɗauka, in je in riƙa nomawa. Bayansa lafiya lau, kowa ya sani. A can nake shuka albasa yanzu. Kuma duk lokacin da ya zo wucewa sai ya tsaya ya dubi fangalina ya girgiza kai, ya ce ƙasar nan ba ta da ƙarfi, da an bar waccan baƙar da na ga albasa. Ni kuma sai in sunkuya in ci gaba da cire ciyawa, don a gonarsa nake tsaye.