Igiyar Ɗaki na Bakwai

Gidan da nake kula da shi a Zangon Kumasi ɗaki tara ne, da famfo ɗaya a tsakar gida, da makewayi biyu can baya. Da can masaukin fataken shanu ne. Bayan mai gidan ya rasu, ofishin da ke kula da gajiyayyu ya karɓe shi, aka zuba tsofaffin da ba su da kowa. Ni aka ɗauka in riƙa duba kwanon rufi da kwata da ƙofofi da fitilu. A aji shida na tsaya a makaranta, amma ina karanta Turanci idan ba a tsaya a kaina ba. Duk ƙarshen wata akwai fom da nake cikawa, Madam ta zo daga ofis ta karɓa. 'Yar Asante ce, tana jin Hausa kaɗan-kaɗan, Wofa take kirana, wato kawu.

Tun ina yaro, idan na kulle ƙofa sai na koma sau uku na taɓa kwaɗon. Fom ɗin nan kuwa ya hana ni sakat tun watan farko. Tambaya ta sha huɗu cewa take yi: akwai wani abu a kwance ko yana reto a hanyar wucewa wanda zai iya kayar da mutum? Na zaga gidan da biro a hannu, na kwashe bokitai, na ɗage tabarmi. Sai na tsaya a gaban wata igiya.

Tsohuwar igiyar shanu ce, ta yi baƙi da maiƙon hannu. Ta fito daga cikin ɗaki na bakwai, ta bi bango daidai ƙugu, ta wuce famfo, ta kai makewayi, wani reshenta ya nufi zaure. Duk jikinta ƙulli ne, wani wuri ɗaya, wani wuri biyu, wani wuri uku a jere. Na sha ganin tawul a kanta, saboda haka na ɗauka igiyar shanya ce da aka ɗaura ƙasa-ƙasa don tsofaffi. Kwana biyu ina tunani. In na rubuta babu, na yi ƙarya. In na rubuta akwai, za a ce to me kake jira?

Ranar Juma'a, bayan maƙwabta sun kama hannun maza sun tafi masallaci, na kwance ta. Har ƙulle-ƙullen na zauna na warware ɗaya bayan ɗaya, don ba na son ajiye kaya a cukurkuɗe. Na naɗe ta, na liƙa mata takarda, na sa a sito. Da na shiga ɗaki na bakwai cire ƙarshenta daga ƙusa, na ga kwano yana yoyo daidai kan gado, sai na ja gadon zuwa ɗaya bangon. Ranar na ji daɗin kaina ƙwarai.

Mai ɗakin wani tsohon Bafillace ne daga wajen Nijar, kowa Baba yake ce masa. Shekaru da yawa yana koro shanu zuwa Kumasi da ƙafa. Idonsa ya mutu bai fi shekara uku ba, ƙafafunsa kuma suna rawa. Ba shi da yawan magana. In ka gaishe shi, "Lafiya, alhamdu lillahi," shi ke nan.

Daga washegari Baba ya daina fitowa. Na kai masa koko da safe, ya ce ya ƙoshi. Ruwa ma sai ya kurɓa kaɗan ya ture kofin. Na ga gwiwarsa ta kuje, na tambaya, ya ce babu komai. A kwana na huɗu ɗakin ya fara wari. A na biyar na leƙa da la'asar, na same shi yana salla ya ba gabas baya. In juya shi yana cikin salla? In bari ya idar in gaya masa? Na tsaya a bakin ƙofa har ya sallame, sannan na juya na tafi.

Na rubuta duk wannan na ba Madam, don aikina ne in rubuta. Ta shiga ta duba shi, ta fito tana girgiza kai.

"Wofa, kan Baba ya fara juyawa. Nan gida ne na waɗanda za su iya kai kansu bayi. Alhamis zan zo da mota, mu kai shi inda akwai nas."

Na san wurin, can bayan gari ne. Akwai tsabta, amma ba mai jin Hausa balle Fillanci, ba a kuma jin kiran salla. Da na gaya wa Baba, sai ya ce, "A gidan nan na fara sauka ina saurayi. To, Allah ya sa haka ya fi alheri." Na koma ina ta juya abin. Mutum lafiya lau ranar Alhamis, Asabar kai ya juya? Na zargi fentin da na shafa a zaure. Na zargi maganin sauro. Har ruwan famfo na ɗiba na shinshina.

Ranar Laraba aka sallamo Goggo daga asibitin Bantama, inda ta yi mako biyu da ciwon ƙafa. Ita ce mai ɗaki na shida, tsohuwar mai sayar da shinkafa da wake, bakinta ba ya gajiya. Tana shigowa ta miƙa hannu bango, ta damƙi iska.

"Kai, Malam Biro! Ina igiyar?"

"Igiyar shanya? Na ajiye a sito, Goggo. Fom ya ce..."

"Shanya? Uwar wa ka gani tana shanya a ƙugu? Idon mutum ka ƙwaƙule ka sa a sito!"

Ta zauna a bakin famfo ta yi mini dalla-dalla. Baba ne ya ɗaura ta da hannunsa lokacin da ido ya fara tafiya. Ƙulli ɗaya famfo. Biyu, ɗaga ƙafa, ga kwata. Uku makewayi. Ƙusar cikin ɗaki kuwa ita ce alƙiblarsa.

Na ce, "To me ya hana shi faɗa? Kullum sai na tambaye shi!"

"Bafillace zai buɗi baki ya ce wa sa'an ɗansa yana neman hanyar bayi? Gara ya mutu da ƙishi. Kai dai karatun nan bai cika ba, ya kuma hana ka gani."

Na ɗauko igiyar. Na durƙusa gaban Baba na ce ya yafe mini. Ya shafa ta daga farko har ƙarshe, ya ji ta sumul.

"Har ƙullin ka kwance?"

"Duka, Baba."

Sai ya yi dariya, karo na farko da na ga haƙoransa. "Ka yi haƙuri da aiki, ɗana. Wannan ƙulli ko bijimi bai kwance shi ba."

Na mayar da gadon inda yake, na hau na toshe yoyon da kwalta. Sannan muka fito, ni ina riƙe da kafaɗarsa, Goggo tana ba da umarni daga kan kujera. Duk inda ƙafarsa ta gane, ya tsaya ya ƙulla. Da muka zo kwata ya ce, "Nan ne na faɗi ranar Asabar," ya yi ƙulli biyu manya.

Ranar Alhamis Madam ta zo da mota. Na tare ta a zaure na faɗa mata komai, Hausa da Turanci da Twi, yaren su Madam, duk suka cakuɗe a bakina. Ta tsaya tana kallo. Baba ya fito shi kaɗai da buta, hannu a kan igiya, ya ɗaga ƙafa a kwata, ya shiga makewayi, ya dawo famfo ya yi alwala.

Ta sallami direba. Amma kafin ta tafi ta taɓa igiyar ta ce, "Wofa, ka san wannan zai iya kayar da wani."

"To in cire?"

"Ban ce ka cire ba."

"In rubuta akwai ke nan?"

"In ka rubuta akwai, dole in ce ka cire."

"In rubuta babu?"

"Ni ban ce ka yi ƙarya ba," ta ɗauki jakarta ta fita.

Baba yana nan a ɗaki na bakwai, yana shan kokonsa har ya nemi ƙari. Ni kuwa duk ƙarshen wata sai in cika fom tun daga ɗaya har sha uku, in tsallake in cika sauran, in dawo in zauna da biro a kan ta sha huɗu. Wata bakwai ke nan ina miƙa shi ba komai a wurin. Madam tana karɓa ta sa hannu, ba ta taɓa tambaya ba, ni kuma har yau ban san ko ta lura ba.