Gyaran da ya kusa kayar da jirgi

Shekarun baya, wajen tsakiyar alif ɗari tara da tamanin da wani abu, wani kamfani ya fara ɗaukar attaruhun ƙauyenmu na Kura a jirgin kaya zuwa Turai. Ni ke kan sikeli saboda na ɗan taɓa boko. In auna kwali, in rubuta nauyinsa, sai mahaifina ya bi baya ya ƙara hannu biyu uku kafin a rufe. "Ina ka taɓa ganin an sayar wa baƙo kaya ba gyara?" Duk manoman haka suka yi, kowa na gudun a ce masa marowaci.

Na bi motar kayan har filin jirgi a Kano, ina ta baza riga. Wani abokina ne ke tsara lodi a jirgin, kuma da shi za a tashi. Kayanmu aka jera can wajen wutsiya.

Can sai ga shi ya sauko, fuska ba walwala. Ya ce akwai na'ura a jirgin da ke auna nauyin da ke kan ƙafafunsa, ta nuna baya ya rinjayi gaba, takardata kuma ta ce lafiya lau. "Direban jirgin ya ce na'urar takan yi ƙarya, takarda za mu bi."

"In ba ƙarya ta yi ba fa?"

"To, muna ɗagawa hancin zai yi sama, sai dai a yi mana addu'a."

Innalillahi! In na faɗa, na tona asirin mahaifina, wataƙila ƙauye ya rasa kasuwar. In na yi shiru, ga abokina ya juya ya fara hawa matakala. Wallahi sai da ya kai ƙofa bakina ya buɗe.

"Tsaya! Akwai gyara a ciki!"

Ya juyo. "A kwali nawa?"

"Dukkansu."

Aka sauke komai, aka sake awo, aka mai da wasu gaba, wasu aka bar mana mu koma da su. Da na gaya wa mahaifina, kwana biyu bai iya cin abinci ba.

Abokin nan yanzu har da jikoki. Har yau in mai tumatir ya miƙa hannu zai yi min gyara, sai gabana ya faɗi, in tuna yadda na tsaya ina kallonsa yana hawa matakalar nan ban ce uffan ba.