Garba Da Manhajarsa Ta Biyu

Mata, Garba abokin aikina ya ci mutuncina jiya, kuma ban yafe ba!

Na kunna kwamfutar ofishinmu na Mabera, sai ga baƙon allo. Wasiƙun da na buga duk babu! Oga ya daka min tsawa: "Hajiya, mi kinka goge?"

Garba ya ƙyalƙyale: "'Yar yaƙi da jahilci ke nan!"

Ashe shi ya ɗora wa kwamfutar babbar manhaja ta biyu mai tafiyar da ita, bai gaya wa kowa ba. Ya kashe, ya kunna, sunayen manhajojin biyu suka fito, ya zaɓi ta sama, wato tamu ta da. Ga wasiƙuna ras!

Yau na riga shi zuwa, na shiga tasa, na sa mata kalmar sirri. Ga shi nan tsaye kaina yana ta "Hajiya, don Allah."