Saɓar da Ta Maƙale a Idon Mesar Kawu

Ko ƙwaƙwalwata za ta zubar da komai, kwana biyun da na yi ina jinyar maciji a cikin bahon wankan jarirai ba za su fita ba. A shekarar da motoci suka koma bin hannun dama ne. Na gama sakandare, ina zaune gidan kawuna a kwatas ɗin 'yan reluwe a Kafanchan, ina jiran sakamakon jarrabawa.

Kawu aikin gadi yake yi a cikin jirgin ƙasa, kuma yana da wata ɗabi'a da duk layinmu ba mai irinta: yana kiwon ƙaramar mesa. Irin nan ce marar dafi, wadda in ta tsorata sai ta dunƙule kamar ƙwallo ta ɓoye kanta a ciki. Ya tsince ta ne tana 'yar ƙanƙanuwa a gefen layin dogo, shekara shida ke nan. Jirgin-kaya yake kiranta, wai don ba ta taɓa sauri ba. Tana cikin wani akwatin katako mai raga a bayan ɗakin girki. Matarsa, wadda nake kira Mama, ba ta taɓa matsawa kusa da akwatin nan ba. In za ta wuce sai ta ce, "Yesu ka raba mu da wannan abin."

Ni kuwa ba na tsoronta, kuma ina son a san ba na tsoro. Da aikin Kawu ya kama na tafiyar mako guda, sai ya kira ni ya ce, "'Yata, ke na bar wa ita. Ta kusa saɓa, kin ga idonta ya yi fari-fari. Ba za ta ci abinci ba. Ruwa kawai za ki riƙa zuba mata, ki ƙyale ta."

Ki ƙyale ta. Da na ji wannan kalma da ban sha wahala ba. Amma ni shekara biyar na yi a makarantar kwana inda ake duba ƙarƙashin gado duk Asabar, har na riƙe shugabar tsabta. Ina buɗe akwatin na ga ruɓaɓɓen ganye mai laima, da fasasshiyar tukunya, da wani dutse mai kaushi duk gansakuka. Na ce wannan ai ƙazanta ce. Na kwashe su duka na zubar a bola, na shimfiɗa busasshen garin katako, na sa ruwa a ɗan gwangwanin madara, na ja akwatin jikin bangon murhu inda ba laima. Ga bazara ta tsaya, zafi kamar me. Na koma gefe ina yaba wa kaina.

Kwana huɗu bayan haka na leƙa, na tarar da ɓarna. Saɓar maciji guda take fita kamar an tuɓe safa. Wannan kuwa ta kekkece, ta bushe a jikinta kamar takardar da aka manna da koko. Wata ta zagaye ƙarshen wutsiyarta ta shaƙe, har wurin ya fara duhu. Abin da ya fi tayar mini da hankali idanunta ne: tsohuwar fatar ta rufe su duka biyu, sun yi dishi-dishi, tana ta buga kai da katako. Na san in idon nan ya lalace ba za ta ƙara ganin ɓeran da za ta kama ba. Ga Kawu zai dawo jibi.

Ni ba na zama da matsala. Na ɗauko ta, na kama wani yanki a bayanta na fizga. Ya fita, amma ya taho da sabuwar fatar ƙasa, wurin ya yi ja, ta dunƙule tana huci. Wai a hakan ban daddara ba. Na shiga ɗaki na ɗauko ɗan hantsakin da muke aiki da shi a ajin kimiyya, na danne kanta, na nufi idon.

"Ke! Me za ki yi da wannan ƙarfen?"

Mama ce, tsaye daga ƙofar ɗakin girki da muciya a hannu.

Na ce, "Cire mata zan yi. Minti ɗaya ne."

"Minti ɗaya ne ki makantar da ita. Ajiye!"

"Mama, ke da ko kallonta ba kya iya yi, me kika sani game da maciji?"

Haka na faɗa mata, bakina ba linzami a lokacin. Ba ta ko yi fushi ba. Ta ce, "Ban san maciji ba, kuma ba na roƙon Allah in sani. Amma na san kalwa. Kin taɓa ganin an cire wa kalwa ɓawo a bushe? Duk turancin da kuka karanta ba a gaya muku a jiƙa abu ba?"

Ta shiga ta fito da bahon da ta yi wa 'ya'yanta biyar wanka a ciki, ta turo mini shi da ƙafa. Ta sirka ruwa, ta ce in gwada da gwiwar hannu kamar na jariri, kuma kada ya wuce rabin kaurin jikin mesar, don kar ta nitse. Duk wannan daga nesa take ba da umarni, kamar mai koyar da waƙa a zumuntar mata. Na sa mesar a ciki na rufe da kwando.

Ban yi minti biyar ba na ɗaga kwandon. Mama ta ce, "Rufe." Na sake ɗagawa. Ta ce, "Wallahi in kin ƙara, muciyar nan a kanki. Zo ki tsince mini acca." Haka ta ɗaure ni da aiki har ruwan ya fara hucewa. Sannan ta jefo mini tsohon tawul ɗin Kawu a jiƙe, ta ce in riƙe mesar a ciki sako-sako, kar in ja komai, in bar ta ta bi ta cikin hannuna da kanta.

Jirgin-kaya dai ta amsa sunanta. Ta fi minti goma kafin ta kwance, ta fara silalewa a hankali. Ina ji a tafina tsohuwar fatar tana naɗewa tana zama a tawul. Ta wutsiyar na murza da yatsa a hankali, ta zame kamar zobe. Ta idon dama ta fita tare da ta kai, idon ya fito baƙi ƙirin yana ƙyalli. Ta hagu ta ƙi.

Hannuna ya fara ƙaiƙayi, na kalli hantsakin. Mama ta taka shi da ƙafa. Wannan shi ne kusa mafi kusa da ta taɓa zuwa.

"Gobe ma rana ce," in ji ta.

Na tafi bola na tono tukunyar da dutsen, na ɗebo ganye daga ƙarƙashin mangwaro na yayyafa ruwa, na mai da akwatin inuwa. Washegari muka sake wanka da tawul, ta idon hagun ba ta fita ba. Na mai da mesar akwati raina a jagule. Can da la'asar na leƙa na tarar tana goga fuska a jikin dutsen nan da na kira ƙazanta. Da ta ɗago, ga wani ɗan abu kamar ɓawon kifi manne a dutsen, ga ido biyu garau suna kallona. Na yi ihu har maƙwabta suka leƙo. Mama ta ɗaga hannu sama ta ce, "Mun gode Uba!" Sai ta tuna a kan me take godiya, ta tofar da yawu ta koma girkinta.

Kawu ya dawo da hantsi, ko jaka bai ajiye ba ya nufi akwatin. Ban jira ya tambaya ba, na gaya masa duk abin da na yi, har da hantsakin. Ya shafa jan tabon bayanta, ya daɗe yana duba idon. Ya ce, "Wannan tabon zai tafi a saɓa ta gaba. Ido ne ba ya dawowa. Wa ya koya miki jiƙawa?" Na nuna ɗakin girki. Ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Mama ta ɗago murya daga ciki: "Kar ka ji daɗi. Ka saya mini sabon baho, jikokina ba za su shiga wancan ba."

Yanzu aikin jinya nake yi, kuma har yau ba a shaide ni da haƙuri ba. Amma in bandeji ya manne a gyambo, mai ciwo yana cije baki yana cewa, "Sista, fizge kawai," sai in ɗauko ruwan ɗumi in ja kujera in zauna. Abu biyu mesar nan ta koya mini. Kafin ki zubar da abin da kika tarar a wurin wani, ki tambayi amfaninsa. Abin da ya ƙi fita kuma, ba ƙarfi yake nema ba, jiƙa shi ake yi a jira.