Yarinyar da Ta Karanta Shafi na Tara

Lokacin da nake koyarwa a wata firamare kusa da Bunkure, akwai wata yarinya mai raunin fahimta a ajina. Shekarunta goma sha biyu, tana zaune cikin 'yan aji biyu. Mun daɗe muna fama, ba ta iya bambanta wannan harafi da wancan ba. Hedimasta ya ce in ba ta iya karatu ba kafin hutu, a mayar wa iyayenta ita, ta je korar tsuntsaye a gonar shinkafa.

Wata Litinin ta miƙe ta karanta shafi na tara daga sama har ƙasa, babu gargada. Yara suka tafa. Ni ban tafa ba. Yatsanta yana layi na biyu, bakinta yana layi na biyar.

Gidansu na zarga. Na ce wani ne yake biya mata tana haddacewa kamar karatun allo, don a rufe mana ido. Da la'asar na bi bakin kanal, na sami mahaifinta yana ban ruwan albasa.

Bayan gaisuwa na ce, "Baba, wa yake yi mata bita a gida?"

"Bita? Malama, ni da ko rubutun buhun taki sai an karanta min?" Ya yi dariya. "Ko uwarta kike zargi? Ai ajinmu ɗaya da ita."

Ban yarda da shi ba. Dariyar ta yi yawa.

Washegari na sa ta maimaita. A layi na uku ta tsaya, ta yi gyaran murya, ta bugi benci sau biyu, ta ci gaba. Daidai nan nake tsayawa in bugi tebur idan ina biya wa aji da waƙa suna amsawa. A bakina ta haddace.

Ranar Alhamis hedimasta ya shigo ya saurare ta.

"Malama, ta iya ke nan?"

"Tana kan hanya, ranka ya daɗe."

Ya daɗe yana kallon yatsan nata. Ina jin shi ma ya gane. Ya ce ta zauna, bai sake maganar gona ba.

Na kulle littafin a durowa. Na yanyanka kwali, harafi ɗaya a jikin kowanne, kullum ina cakuɗa su kafin in nuna mata, ban da waƙa, ban da bugun tebur. Har aka yanke shinkafa, haruffa huɗu ta sani. Na juya su ta kowace fuska, na canza alƙalami, na kai ta wani ajin. Ba ta kuskure ko ɗaya ba.